Kujerun da Muka Jera a Bakin Fili

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duniyar nan kaf ba ta wuce faɗin filin ƙwallon unguwarmu a Daura ba, wani abu ya faru wanda har yau in na tuna shi sai jikina ya yi sanyi. Jiya ne wani ya turo mini hoton 'yan wasan Turai sun jeru a tsakiyar fili, kawuna a sunkuye, suna jimamin mutanen da wani bala'i ya rutsa da su. Hoton nan ne ya tono mini labarin, na ce bari in ba ku.

Muna da 'yar ƙungiyarmu ta unguwa a lokacin. Kada ku ɗauka ni wani ɗan wasa ne. An gwada ni a gaba, an gwada ni a baya, daga ƙarshe koci ya dafa kafaɗata ya ce bakina ya fi ƙafata gudu, ya miƙa mini makirfo. Tun daga ranar na zama mai sharhin wasa, kuma sakatare, kuma mai zuba toka a layukan fili. Ni kuwa na ɗauki abin da zafi, har tafiyata ta canza.

Abokina shi ne golanmu. Dogo ne, ba ya son yawan magana, ga tafin hannu kamar faranti. Mahaifinsa fataucin tumaki yake yi, dattijo ne mai tsare gida, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa cewa ƙwallo a wurinsa aikin marasa abin yi ba ce. Yayansa kuwa tela ne, shi ne ɗan fari a gidan, mutum mai barkwanci da ba a zama kusa da shi a tashi ba a yi dariya ba. Shi ya ɗinka mana lambobin da ke bayan jesinmu, har da tawa ta zaman benci.

Ana gab da Babbar Sallah, kasuwar raguna ta buɗe sosai. Ranar cin kasuwar bakin iyaka, can wajen Kongolam, abokina ne ya kamata ya raka ragunan mahaifinsa. Ranar kuma koci ya sa atisaye, don mun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar da ake yi, za mu kara da wata ƙungiya daga Baure. A gabana aka yi abin. Abokina ya tsaya a ƙofar shagon yayansa yana sosa ƙeya.

"Yaya, don Allah ka rufa mini asiri, yau kaɗai."

Yayan ya ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki ya harare shi. "Ɗinkin Sallah ya yi mini katutu, kai kuma kana so in bi raguna? To na ji. Amma in ka bari aka zura maka ƙwallo ranar wasan, kada ka dawo mana gida."

Muka yi dariya. Ya karkaɗe zaren da ke jikin rigarsa, ya ja ƙofar shago ya kulle.

A hanyar dawowa da yamma tayar motar 'yan kasuwa da ya hau ta fashe, motar ta ƙwace wa direba. Mutane da dama suka rasu, 'yan kasuwa daga garuruwa daban-daban, har da na wajen Baure. Yayan abokina yana cikinsu. Allah ya jiƙansu da rahama.

Mutuwa kowa ya san ta. Abin da ya biyo bayanta ne ban taɓa ganin irinsa ba. Mahaifin abokina bai zage shi ba, bai ɗaga masa murya ba, bai ce kai ka jawo ba. Kawai ya daina ganinsa. In ya durƙusa ya gaishe shi, dattijon sai ya ci gaba da jan carbinsa. In ya kawo masa ruwan alwala, sai ya ɗauki wata butar. A wurin zaman makoki kuma kun san yadda ake yi, 'ya'yan gida kusa da uba suke zama a kan tabarma, duk wanda ya zo ya gaisa da uban ya juyo kansu. Abokina ba a kira shi ba, shi kuma bai isa ya kai kansa ba. Can gefe yake zama a kan wani dutse a gindin dalbejiya, kamar baƙon da ya biyo hanya.

Na same shi a nan na zauna kusa da shi. Ya ce, "Da ma ya dake ni. Wallahi da ya ɗauko sanda ya farfasa mini jiki da na ji sauƙi." Ya ce in an yi sadakar bakwai zai haɗa kayansa ya tafi Kano, ko dako ne ya yi, don ba zai iya zama gida ɗaya da uban da ba ya amsa gaisuwarsa ba. Na san halinsa, ba ya faɗin abin da ba zai yi ba. Tsoro ya kama ni, don na san in ya fita a haka, shi da mahaifinsa sai dai a lahira.

Masu shirya gasa sun ɗage mana wasan sau ɗaya, suka ce ba za su ƙara ba, Sallah ta matso. Ranar da suka sa ta faɗo ana gobe sadakar bakwai. Muka taru a gidan kallo muna shawarar abin da za mu yi wa mamatan, ni kuwa da ma bakina ƙaiƙayi yake yi. Na miƙe na ce ai mun sha gani a talabijin, manyan ƙungiyoyi shiru suke yi na minti ɗaya kafin a take wasa, su ɗaura baƙin ƙyalle a damtse, a kuma gayyato iyalan mamatan a zaunar da su a gaba. Na ce mu ma haka za mu yi, ba wanda ya fi mu sanin darajar mutum. A raina kuma ina da wani lissafi: in dattijon ya zo ya ga yadda filin ƙwallo ke girmama ɗansa, wataƙila zuciyarsa ta yi laushi a kan ɗayan.

Kowa ya ce madalla. Sai da aka zo maganar baƙin ƙyallen, wani ya ce, "A kai wa tela ya yanka mana." Ya faɗa kafin ya tuna. Muka dubi juna, don tela ɗaya muke da shi, shi ne kuma marigayin. Ƙarshe dai baƙin salatif muka sayo a shagon mai gyaran wuta.

Ni na ɗauki nauyin gayyata. Na zagaya gidajen da aka yi rashi a unguwarmu da maƙwabtanta, na ƙare da gidan su abokina. Na cire takalmi, na durƙusa a gaban mahaifinsa.

"Baba, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Baba, da ma ƙungiyarmu ce ta shirya girmama marigayi a fili gobe bayan la'asar. Mun tanadar maka kujera a sahun gaba."

Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da ake yi wa akuyar da ta shigo masallaci. Sannan ya ce, "To. Allah ya yi albarka." Ni kuwa na tashi ina murna, na ɗauka an gama.

Da na koma gida na tarar da mahaifiyata tana tsince shinkafa. Na zayyana mata shirin tsaf, ina jiran yabo. Ta ajiye farantin ta kama haɓa.

"Kai ɗan nan! Kiransu ka yi?"

"Gayyata ce, Inna. Haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba."

"Ikon Allah. Ni dai tun da nake ban taɓa jin an aika wa mai makoki ya taso ya zo ya karɓi gaisuwa ba. Shi da aka yi wa mutuwa shi zai yi tattaki? Zumunta ai a ƙafa take, kuma ƙafar mai gaisuwa ake nufi."

Na ce mata ai kowannenmu ya je ya yi gaisuwarsa tun ranar farko, wannan ta ƙungiya ce, ba za ta gane ba. Ta ce, "Ai fa, ni ina zan gane," ta ɗauki farantinta.

Washegari tun azahar nake fili. Filin namu na wata makarantar firamare ne, katangarta ta baya ita ta raba shi da lungun su abokina. Muka kafa rumfa, muka jera fararen kujerun roba, ni da kaina na bi su ɗaya bayan ɗaya na goge da tsumma. Bayan la'asar mutane suka cika fili maƙil, har kan katanga. 'Yan Baure suka iso a motarsu, suka sa jesi, muka nannaɗa wa kowa salatif a damtse. Ina riƙe da makirfo, ido na kan ƙofar makaranta.

Ba wanda ya zo. Ko mutum ɗaya daga gidajen nan bai taka filin ba. Kujeru suna nan fes, sai wasu 'yan kallo da ke ta raɓe-raɓe suna son zama ina korarsu.

Alƙalin wasa ya nuna mini agogonsa. Na share murya na yi jawabin da na kwana biyu ina haddacewa, na ce yanzu za a yi shiru na minti ɗaya. 'Yan wasa suka jeru a da'irar tsakiya, aka busa usur.

Ban taɓa jin filin nan ya yi shiru ba sai ranar. Masu rake suka daina kira, masu gardama suka kama bakinsu. Da yawa ma ba su san me ake yi a cikin shirun ba, wasu suka ɗaga hannuwa suna addu'a a ɓoye, wasu suna kallon na kusa da su. A cikin wannan shirun ne muka ji wani sauti yana tsallako katanga. Dum. Dum. Dum. Daka ake yi. Matan gidan su abokina ne ke dakan gumbar sadakar gobe, babu lugude, babu waƙa, taɓarya kawai ke faɗawa cikin turmi. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wannan dakan, ya san ba na biki ba ne.

Alƙali ya sake busa usur, kowa ya koma gurbinsa, aka ajiye ƙwallo a tsakiya. 'Yan Baure ne za su take. Kyaftin ɗinsu, wani baƙin saurayi mai faɗin ƙirji, ya tsaya a kan ƙwallon bai taɓa ta ba. Sai ya sunkuya ya ɗauke ta da hannu ya nufo bakin fili inda nake.

"Malam, dakan nan a gidan golanku ake yi?"

Na ce eh.

"Kawuna na cikin motar nan," in ji shi. "Na san yadda gidanmu yake yanzu. Mun taso tun daga Baure mun zo bayan katangar mutum, ba mu ce masa ya haƙuri ba, sai mu hau tsalle-tsalle yana jin ihunmu? Ni dai ƙafata ba za ta iya ba."

Alƙali ya ce shi fa ba ruwansa, in rana ta faɗi ba a gama wasa ba masu gasa za su hukunta kowa. Kyaftin ya miƙa masa ƙwallon ya ce, "Riƙe mana, yanzu za mu dawo." Ya juya, 'yan wasansa suka bi shi, namu suka bi su. Alƙalin ya tsaya rungume da ƙwallo yana waige-waige, can sai ga shi a bayanmu yana sauri.

Mun kai ƙofar makaranta ke nan wani dattijo cikin 'yan kallo ya daka mana tsawa. "Kai, ku tsaya! A haka za ku je gaban manya, cinyoyi a waje?" Sai a lokacin muka dubi kanmu. Gajerun wanduna ne duk. Kafin ka ce kwabo 'yan kallo sun fara tuɓe rigunansu na sama suna miƙowa, wannan jallabiya, wannan kaftani. Ɗan wasan gabanmu, wanda duk ƙungiyar ba wanda ya kai shi gajarta, babbar riga ya samu, yana tafe tana sharar ƙasa, jajayen safa na leƙowa ta ƙasa. A wata ranar da mun yi dariya har mun faɗi. Ranar ba wanda ya ko murmusa.

Muka zagaya katanga muka shiga lungun, jama'ar fili kaf a bayanmu. Ƙarar takalman ƙwallo a kan tsakuwa ita ta fara sanar da zuwanmu. Dattawan da ke zaune a ƙofar gidan suka ɗago suna kallo. Muka tuɓe takalma muka tara su a gefe, muka durƙusa, waɗanda tabarma ba ta ishe su ba suka zauna a ƙasa har bakin titi. Abokina yana kan dutsensa a gindin dalbejiya. Da ya gan mu ya miƙe tsaye, ya rasa inda zai sa kansa.

To, a wurin makoki in jama'a suka zo a ƙungiyance, akan tambaya mutanen wa ne, don a kira wanda suka zo dominsa ya zauna ya karɓi gaisuwarsu. In abokan aikin wane ne a kira wane, in surukan wane ne a kira shi. Ƙanin mahaifin abokina, wanda ke kula da masu shigowa, ya dubi wannan taro ya ce, "Bayin Allah, daga ina? Mutanen wa ne?"

 Kyaftin ɗin Baure ne ya amsa. Ya nuna gindin dalbejiya ya ce, "Mutanensa ne, Baba. Mu abokan karawarsa ne daga Baure, waɗannan kuma 'yan ƙungiyarsa. Mun zo yi muku gaisuwa, ku da shi."

Ƙanin ya juya ya dubi yayansa. Kowa ya dubi dattijon. Carbin da ke hannunsa ya tsaya. Wallahi na san in ya kawar da kai a gaban wannan jama'a, magana ta ƙare, gobe abokina yana tasha.

Dattijon ya ajiye carbin. Sannan ya tattara bakin rigarsa, ya matsa gefe, ya bar wuri a damansa.

"Kai," ya ce, muryarsa a dushe. "Zo nan. Baƙinka ne."

Abokina ya taho kamar mai tafiya a kan ƙaya. Ya zauna a bakin tabarmar a ɗarare. Mahaifinsa ya kama hannun rigarsa ya jawo shi har gwiwarsu ta haɗu. Liman ya ɗaga hannu aka yi addu'a ga duk waɗanda suka rasu a motar, na Daura da na Baure da na sauran garuruwa, amin ɗin da ta tashi a lungun nan ta fi duk wani ihun cin ƙwallo da na taɓa ji. Muka bi layi muna miƙa hannu, mu gaisa da uban mu juyo kan ɗan. "Ya haƙuri?" "Da godiya." "Allah ya jiƙansa." "Amin."

Ina kusa da su lokacin da dattijon ya sunkuyo, bai dubi ɗan nasa ba, ya ce a hankali, "Kwanansa ne ya ƙare. Ko da kai ka hau motar, shi yana kan kekensa a shago, a nan mutuwa za ta same shi. Ka ji ko?" Abokina, wanda tun ranar da abin ya faru ban ga hawayensa ba, ya kifa kai a gwiwa ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ba wanda ya hana shi. Ni ma dai ba zan ɓoye muku ba, hannun rigata ya jiƙe.

Mun koma fili rana ta yi ja. Aka buga abin da ya samu kafin magariba, da golanmu na biyu a raga, 'yan Baure suka lallasa mu ba tausayi. Mutanen da suka gama yi mana gaisuwa yanzun nan! Sharhin da na yi ranar shi ne mafi gajarta a tarihina. Kujerun kuwa 'yan kallo suka zauna a kai, ban kori kowa ba.

Abokina bai je Kano ba. Shi ya riƙe fataucin tumakin har ƙarfin mahaifinsa ya ƙare, a hannunsa kuma dattijon ya cika bayan wasu shekaru.

Ba na raina shirun da ƙungiyoyi ke yi kafin wasa, ko kaɗan. Abu ne mai kyau a ce dubban mutane da suka zo nishaɗi sun tsaya sun tuna da waɗanda ke cikin baƙin ciki. Mu ma ba don shirun ba da ba mu ji abin da ke bayan katanga ba. Abin da na koya shi ne shirun somin-taɓi ne. Mu a nan, in ka tuna da mamaci, to akwai mai rai da ya bari, kuma yana da ƙofar gida.

Na daɗe ina ɗauka cewa yawan jama'ar ne ya karya fushin dattijon. Sai wata rana, shekaru bayan wasan nan, kafin rasuwarsa, na gan shi yana dawowa daga kasuwar dabbobi a ƙafa, na tsaya na ɗauke shi a babur. Muna tafe, ba tare da na tambaye shi ba, ya ce, "Kai ne mai surutun nan na filin ƙwallo ko?" Na ce ni ne, Baba. Da muka wuce wata kwana, sai ya ce:

"Kun ɗauka fushi nake da yaron nan. Ba fushi ba ne. Muryarsu ɗaya da yayansa. In ya ce mini ina kwana, sai in ji kamar wancan ne ya dawo, in na buɗe baki kuka zan yi a gaban mutane. Daga baya kuma abin ya yi nisa, kullum ina so in kira shi na rasa ta inda zan fara." Ya gyara zama a bayana. "Da ba ku zo ba, da ban san ranar da zan iya ba."

Na sauke shi a ƙofar gida. Abokina na tsaye a zaure yana jiransa, ya karɓi sandar hannunsa, ya ce, "Sannu da zuwa, Baba." Dattijon ya ce, "Yauwa, sannu."